Fasinjan Saje Hyeon

Rana ta kusa shiga teku, tsohuwa Bu Mal-sun tana kwashe ganyen tekun da ta shanya, sai dutse ya faɗo kan rufi. Baƙi ne, irin wanda ake katange gonakin lemo da shi a tsibirin Jeju. Ba iska, ba kowa a lungu. Na biyu ya faɗo gabanta. Da ta taɓa shi ta ji shi da ɗumi, kamar an daɗe ana riƙe da shi.

Su biyu ne a gidan, ita da jikarta Ye-rim, mai aiki a kantin magani. Tun daga ranar, da almuru ya yi sai jifa ya fara. Ye-rim ta daina ci. In mota ta gilma, sai ta tsuguna bayan randunan miya.

"Ke, wa kike ɓoye wa?" in ji kakar.

"Sun iso," aka amsa daga bakin yarinyar, da muryar namiji, da tsohon harshen tsibirin da aka daina ji.

Wata rana da la'asar Ye-rim ta ɗauki lauje ta hau katangar bakin teku, tana kai wa duk wanda ya matso sara. Maƙwabta suka kira 'yan sanda. Saje Hyeon, wani mai furfura, ya lallaɓa ya karɓe laujen, ya sa ta a bayan mota.

"Yallaɓai, ba ta yi sata ba!" Mal-sun ta riƙe masa hannun riga.

"Iya, ba kurkuku za mu ba. Doka ta ce in mutum na iya cutar da kansa ko wani, kuma ba lokacin jira, in likita ya yarda ni ma na yarda, asibiti zai riƙe shi ya duba. Ba ya wuce kwana uku, ban da ranar hutu."

"In ni ban yarda ba fa?"

Ya sunkuyar da kai. "A wannan ba a tambayar dangi."

Mal-sun ta bi su. Asibitin farko ba gado. A na biyu aka ce su jira a filin ajiye motoci. Duhu ya soma sauka, sai ga ƙananan duwatsu na sauka kan rufin motar, ɗaya bayan ɗaya, alhali yarinyar na ciki, hannuwanta a kan cinya. Saje ya haska ko'ina, bai ga kowa ba.

Nan tsohuwa Yang ta same su, simbang ɗin ƙauyen, mai magana da matattu, wadda Mal-sun ta kira a waya.

"Buɗe min, ɗana. Ko ni ma sai likita ya yarda?"

Ya buɗe. Ta zauna kusa da Ye-rim, ta kaɗa 'yar ƙararrawarta sau ɗaya. Motar ta yi sanyi har gilashi ya yi raɓa.

"Wane ne kai? Me ka zo nema a jikin 'yar mutane?"

"Tawa ce, jinina ce," in ji muryar. "Haka masu kaki suka zo min da mota, lokacin da ake ƙona ƙauyukan tudu. Suka ce tambaya kawai za a yi min. Na bar matata da ciki, na bar tuwon gero a wuta. Ba wanda ya dawo da ni."

Mal-sun ta dafa motar. Ita ce cikin nan da ya bari. Ko kabarin mahaifinta ba ta sani ba.

"Kai ne ka jawo mata motar da kake tsoro," in ji Yang. "Fita. Za mu yi maka shinkafa da giya."

"Ba na ci. Mai hular nan nake so ya yi magana. Ina za ka kai ta?"

Saje ya cire hularsa. "Bene na uku, Baba. Likita zai duba ta. In kwanakin sun cika, dole a sake ta, sai in akwai dalilin da doka ta yarda, kuma za a sanar da kakarta."

"Haka wanda ya tafi da ni ma ya ce."

"Ni da kaina zan mai da ita gida."

"To, na sake ta," in ji muryar. " Amma a kujerar nan zan jira. In ka karya, kai zan bi."

Ye-rim ta sulale, ta buɗe ido, ta ce da muryarta, "Kaka, ƙishirwa." Ma'aikatan asibiti suka zo suka shiga da ita.

Kwanakin nan ba ɗan sandan da ya yarda ya hau motar. Likita ya ce rashin barci ne da ruɗewa, ya ba da magani, ya sallame ta.

Saje ya tsaya da motar nan a ƙofar gidan. Ye-rim ta sauka ta faɗa jikin kakarta. Zai rufe ƙofa sai Yang ta ɗaga masa hannu. Suka tsaya suna kallon kujerar da ba kowa. Motar ta ɗan karkata, sannan ta ɗago, kamar wani mai nauyi ya sauka.

Mal-sun ta kauce daga hanya, ta rusuna har ƙasa. Shekara saba'in da ɗoriya bakinta bai taɓa kiran sunan nan ba.

"Baba," ta ce, "sannu da dawowa. Shigo."