Rumfar Tabawa a Sabuwar Gaɓa

Na'urar Sansano ta zuƙi iskar jikin Tabawa, ta yi ƙara, fitilarta ta koma ja. Ƙofar gilashin ta ƙi buɗewa.

Hanci ne na lantarki da aka kafa a mashigar Sabuwar Gaɓa, unguwar dogayen benaye da aka gina a kan tsohuwar tashar jiragen ruwa. Yana auna gumi da hayaƙi da ƙarni, wanda nasa ya wuce ƙima ba ya shiga. Wai don lafiyar mazauna!

A tashar nan Tabawa ta tsufa tana bandar kifi, tana sayar wa 'yan dako. Da kamfani ya zo da rusau, aka kwashe su zuwa bayan fadama, ita kuma aka yi mata alkawarin rumfa a sabuwar kasuwa. Har wani ɗaki aka shigar da ita, fitilu suka kewaye ta, aka sa ta yi ta kiran ciniki, aka yanki bakin zanenta. Rajista ce, in ji su. Baiwar Allah har da godiya.

"Jatau, buɗe mini, yau ake fara kasuwa," ta ce wa mai gadin, wanda a gabanta aka haife shi.

"Goggo, wallahi ba ni ba ne. Na'ura ta ce kina warin hayaƙi." Ya sunkuyar da kai. "Rumfar ma akwai mai ita."

Ta leƙa ta gilashi, sai ga ta can! Tabawa ce ta haske, surar da inji ke zanawa a iska, da ɗaurin ɗankwalinta da giɓin haƙorinta, tana juya kifin da ba ya ƙonewa. Masu hannu da shuni sun yi cincirindo suna ɗaukar hoto. Daga sama wani bututu na fesa musu ƙamshin banda, wanda aka haɗa daga ƙyallen zanen nan nata. Rashin kunyar har ya kai nan.

Tabawa ta juyo wajen Jatau.

"Wato hayaƙina na kwalba shi ne ƙamshi, na jikina kuma wari? Jatau, da kai nake!"



Surar ta hango mutum a bakin ƙofa. Kamar yadda aka tsara ta, ta yi murmushi, ta ɗaga hannu, ta yi kira da muryar Tabawa:

"Baƙuwa, ƙaraso mana! Ai nan gida ne."