Ƙafar Keken da Baba Bai Jefar Ba

Auta tana durƙushe a gaban gado tana goge wa mijinta yatsun ƙafa da tsumma mai ɗumi, waɗanda suka leƙo daga bakin filasta, sai aka banko ƙofa. Yayanta ne, babban ɗan gidansu, direban motar kaya a wani kamfani. Ummansu na biye da shi, fuska a ɗaure.

Kwana tara ke nan da faruwar abin. Mijin Auta, wanda kowa ke kira Dogo, burodi yake kai wa shaguna a kan keke. Ran nan da hantsi yana tafiya a gefen titi, mota ta kwashe shi ta baya, ta ja shi a kan kwalta har fatar kafaɗarsa ta saluɓe, ƙashin cinyarsa ya karye gida biyu. Da jama'a suka jawo direban waje suna duka, sai ga shi yayan matarsa ne, wayar da yake magana da ita tana hannunsa ba ta ma katse ba.

Yaya ya cilla wata takarda a ƙirjin Dogo. "Sa hannu."

"Sannu da zuwa, Yaya. Ba ka zauna ba," in ji Dogo.

"Ba zama na zo yi ba."

Auta ta ɗauki takardar ta karanta. An rubuta cewa Dogo ne ya karkato gaban mota ba zato, direba ba shi da laifi.

"Yaya, ai wannan ƙarya ce."

Ba ta rufe baki ba ya ɗauke ta da mari. Ta faɗa kan kwanon ruwan, leɓenta ya fashe. Dogo ya yunƙura zai tashi, azaba ta mayar da shi kan matashi yana cizon haƙora.

Umma ta ce, "Ke, ciki ɗaya kuka fito da shi. In aka ce laifinsa ne kamfani korarsa zai yi. 'Ya'yansa biyar, ke za ki ciyar da su?"

"Umma, likita ya ce in ba a yi aiki na biyu an sa ƙarfe ba, a gajarce ƙafar nan za ta haɗe. Gurgu zai zama. Mu kuma ba mu da halin aikin."

"Allah ne mai warkarwa."

Yaya ya nuna ta da yatsa. "Kwana uku na ba ku. In bai sa hannu ba, ki manta kina da gida."

Yaya da Umma suka fita. Dogo ya miƙo hannu ya share mata jinin da babban yatsa.

"Ba ni biro, Auta. Ai dama na yi tsawo da yawa, in aka rage kaɗan ba wanda zai lura."

Ta yi dariya, dariyar ta koma kuka. Ta ninke takardar ta tura ƙarƙashin katifa, inda hannunsa ba zai kai ba.

Washegari ta hau benen wani ofishi inda lauyoyi ke taimakon marasa ƙarfi. Wata dattijuwar lauya mai tabarau ta saurare ta har ƙarshe, tana kallon kumburin bakinta.

"Ƙanwata, mutane da yawa suna zaton titi na masu mota ne, mai keke alfarma ake masa. Ba haka ba ne. Haƙƙinsa a kan titi ɗaya ne da na mai mota, kuma wanda aka ji wa ciwo yana da diyya: kuɗin magani, da kwanakin da bai yi aiki ba, da kekensa. Ba ma aljihun yayanki za a taɓa ba. Don irin wannan rana kamfaninsu ke biyan inshora."

"To me ya sa yake son a sa hannu?"

"Aikinsa yake karewa. Amma in mijinki ya sa hannu, ya rufe ƙofar da kansa. Su kuma 'yan inshora hawaye ba ya sa su biya, hujja suke so. Takardar likita tana nan, rahoton 'yan sanda za mu nema. Sai dai yayanki ya ce ta gefe suka haɗu, mijinki ya ce ta baya. Keken ne zai raba gardama. Yana ina?"

"Mahaifinsa ya ɗauke shi daga titi."

"Je ki yanzu. Kada kowa ya taɓa shi."

Mahaifin Dogo mai gyaran keke ne, a wata rumfa ta kwano tsakanin shagon mai walda da na mai sayar da taya. Da ya hango surukarsa sai ya miƙe yana goge hannu a riga, yana murmushi.

"'Yata, zo ki gani."

Ya yaye wani buhu. Ga keken Dogo tsaye yana ƙyalli. Sabuwar ƙafar baya, sabon sirdi, an miƙar da kai, an shafe shi da baƙin fenti tun daga gaba har baya.

"Kwana shida ina kansa," in ji tsohon. "Ƙafar ɗana ta fi ƙarfina, na ce bari in gyara wadda na iya."

Auta ta zauna a kan benci. Da ƙyar ta iya yi masa bayanin abin da lauya ta ce. Tsohon ya tsaya baki buɗe, ya dubi keken, ya dubi hannuwansa. Can sai ya ce, "Tsohuwar ƙafar ake nema? Haba 'yata, shekara arba'in ina sana'ar nan, ko noti ban taɓa jefarwa ba. Wata rana zai yi wa wani amfani."

Ya shiga can ciki inda tarkace ke rataye a ƙusoshi, ya sauko da ita. Ta lanƙwashe ciki kamar an naɗe ta, wayoyinta sun tsittsinke, kuma a daidai inda ƙarfen ya lotsa ga shuɗin fentin motar kamfanin ya manne.

"Kawo nan."

Yaya ne a bakin rumfa. Tun daga gida yake bin sawunta, ya ga hawanta benen lauyoyi, ya biyo ta har nan. Babbar sifanar kwance taya tana hannunsa.

Tsohon ya ce, "Ɗana, ajiye ƙarfen nan mu yi magana."

Yaya ya hankaɗa shi. Tsohon ya faɗa cikin bahon ruwan da yake neman hujin tub ɗin taya a ciki, ƙeyarsa ta bugi dutse. Ƙafar keken ta gangara ƙasa, Auta ta riga Yaya isa, ta kife a kanta ta rungume. Tsinkakkun wayoyin suka huda mata damtse, ba ta saki ba.

"Tashi!"

"Sai dai ka haɗa da ni."

Ya ja gashinta, ya shure ta a haƙarƙari, ya sake shurinta. Da ya ga ba ta motsa ba sai ya ɗaga sifanar yana neman ƙarfen da ke ƙarƙashinta, ta tare da hannu. Ƙarar karyewar ƙashin har shagon mai walda aka ji. Mai walda da mai taya suka yi tsalle suka danne shi a ƙasa, yana haki, yana cewa, "'Ya'yana, 'ya'yana za ku kashe da yunwa." Auta kuwa sai da aka ɓamɓare yatsunta ɗaya bayan ɗaya kafin ta saki.

Da yamma aka dawo da ita daga asibiti, hannu a rataye a wuya. Dogo ya dube ta ya juya fuska bango, kafaɗunsa na rawa.

"Ciro takardar nan. Na yarda in gurgunce. Ban yarda a kashe min ke ba."

Ta zauna a gefensa. "In ka sa hannu, nawa hannun ya karye a banza ke nan. Haka kake so?"

Ya girgiza kai. Bai sake zancen takardar ba kuma.

'Yan sanda suka tambaye ta ko za ta kai ƙarar yayanta kan dukan da ya yi mata. Ta ce, "Nawa na yafe masa, ɗan uwana ne. Na mijina kuwa ba nawa ba ne da zan yafe." Tsohon ma ya yafe nasa, da bandeji a kai.

Daga nan sai jira. Wata biyar ana kai takardu ana dawowa, 'yan inshora su ce a kawo wannan, gobe su ce a kawo wancan. Babu wanda ya leƙo daga gidansu Auta. In ta kira Umma, wayar ta yi ta ƙara har ta gaji. Da hannu ɗaya take wanka wa mijinta, da hannu ɗaya take girki, tsohon yana kawo abin da ya samu a rumfa. Har ranar da wani masani da 'yan inshora suka turo ya ɗora lanƙwasasshiyar ƙafar a jikin gaban motar, ta zauna daram, fenti ya dace da fenti. Inshora ta biya. Aka yi wa Dogo aiki aka sa ƙarfe. Yaya kuwa kamfani ya sallame shi, kamar yadda ya ji tsoro.

Gidan burodin da yake yi wa aiki suka ba Dogo aikin zaune a kanti. Albashinsa na farko, ya ce wa Auta a raba biyu, rabi a kai wa matar Yaya. "Yaran ba su buge kowa ba," in ji shi. Haka aka yi ta yi duk wata, ba godiya ba aike.

Wata safiya Dogo ya jingine sandunansa a bango, ya dafa kafaɗar Auta zai gwada takawa a tsakar gida, sai ga Umma a ƙofa. Ta rame. Ta daɗe tana kallon hannun 'yarta da ya warke da ɗan karkata. Sai ta ajiye jakarta a ƙasa, ta zagayo ɗaya gefen, ta sa kafaɗarta ƙarƙashin hannun surukinta.

"Dafa ni sosai, ɗana. Ban tsufa haka ba."

Ya taka ɗaya. Ya taka biyu. Ƙafar ta ɗauke shi.

Ku da kuke tasowa, ku riƙe wannan. Neman haƙƙin wanda aka zalunta ba yanke zumunci ba ne, ko da a gida zaluncin ya fito. Auta ba ta ƙi yayanta ba, ƙarya ta ƙi, ta yi haƙuri da abin da ƙin ya jawo mata. A ƙarshe ta samu ƙafar mijinta, ta kuma samu uwarta.