Mai Riƙe Wa Basiratu Waya

Ni na riga kowa ganin abin, tun su biyun ba su san sunansa ba. Ban yi boko ba, amma wanda ya koro shanu daga Yamai zuwa Kumasi sau tara bai mutu ba, ba a ɓoye masa kallo.

Basiratu jikata ce, ɗiyar ɗiyata. Tela ce, tana koyar da yankan riga ta bidiyo, ɗalibanta har Tamale. Abdulgafar, mai gyaran waya a unguwar Krofrom, shi ke riƙe mata wayar. Ta bayan kafaɗarta yake tsayawa, wai don mai koyo ya ga almakashi kamar a hannunsa yake. Jim kaɗan sai ya katse ta.

"Malama, sake... ban gane ba."

"Kai dai kanka dokunu ne, Gafaru, ƙullin masara zalla."

Sai ta sake a hankali, tana danne dariya. Ɗalibai suka ce ba su taɓa gane darasi haka ba.

A ƙofar masallaci na ce a rubuta a ajiye, yaran nan son juna suke. Gaskiya ce. Amma kafin la'asar maganar ta isa kunnen ubanta, Alhaji Sumana, da ƙarin gishiri. Muhaimin, ɗan abokin cinikinsa wanda ta daɗe tana ƙi, ya zo da wani ƙarfe mai ƙafa uku, ya ce wannan ma yana riƙe waya, kuma ba ya numfashi a wuyan ɗiyar mutane.

Alhaji ya hana Abdulgafar gidan.

Na je na sami Alhajin. Ya gaishe ni a durƙushe, ya ce maganar ɗiya ta dangin uba ce. Ni da kuraye suka kasa, suruki ya sallame ni da goro biyu.

Basiratu ta kori Muhaimin, amma ƙarfen ya zauna. Ta tsaya gabansa tana zuba bayani da sauri, ba mai cewa ta sake. Ɗalibai suka fara zamewa.

Na ce, "Amaryata, ni zan riƙa tambayar."

Na zauna na ce ban gane ba. Ta ajiye almakashi.

"Kaka... shi fa yana ganewa tun farko. So yake kawai in daɗe."

Na tashi na ba ta wuri.

Sau biyu Abdulgafar ya turo manyansa, sau biyu aka mayar da su. Bayan babbar salla ya rufe shagonsa ya koma Ankara, babban birnin ƙasar. Ita kuwa tana nan, ba aure, tana yi wa ƙarfe darasi.

Mai cewa tsufa ke sa ni ƙari, ya zo ya tsaya bayan kafaɗarta ya ce "sake." In ta juyo idonta a bushe, ga gemuna, ya aske.