Ƙasar Tsohuwar Kotu

Jama'a, kwana tara ke nan ɗiyata Adawiyya ba ta riƙe abinci a ciki ba, kuma ni na san dalili.

Garinmu, tsakanin Rabah da Wurno, akwai tsohuwar kotun alƙali. Ginin ƙasa ce tun zamanin Turawa, bango mai kauri, rufin azara bisa bakan gizo huɗu. Ƙofar gajera ce ƙwarai, kowa sai ya duƙa ya shiga. Tun da anka gina sabuwa ta siminti anka bar wannan ga jemagu. Bana ruwa ya kada bangon gabas. Maigidana Bashir yac ce ƙasar tsohon bango ta fi taki, ya kwashe amalanke biyu ya zuba ga fadamarmu ta albasa, wadda ya gada ga mahaifinshi, Malam Atiku.

Ya mance shebur ɗin maƙwabci a kotun. Dab da magariba na tahi ɗaukowa.

Na duƙa na shiga. Warin kashin jemage da danshi. Dakalin alƙali na nan, ya tsage. Na kai hannu ga shebur, sai na ji ana tuɓe takalma bakin ƙofa. Ɗaya. Biyu. Da yawa. Anka shimfiɗa tabarma, ina jin ƙararta, ban ga kowa ba.

Wani ya yi gyaran murya bisa dakali.

"Gidan Atiku sun zo?"



Daga gindin ginshiƙi wata tsohuwa ta yi magana a hankali. "Allah shi gafarta Malam, ni ce Halimatussa'adiya. Fadamar mijina ce. Nan Atiku ya dafa Alƙur'ani, yac ce in ƙarya yake kada zuri'arshi ta ci amfaninta. Ɗiyana biyu yunwa ta kashe."

"Mi kike so?"

"Su ji abin da na ji."

Numfashi mai sanyi ya taɓa wuyana.

"Bango ya ji rantsuwar," in ji na bisa dakali. "Kun kai shi gonar da hannunku. Shaida ta cika."

Na zabura. Goshina ya bugi ƙofa, jini ya rufe min ido. Da rarrafe na fita.

Washegari Adawiyya ta ci tuwo da miyar albasarmu, ta amayar da jar ƙasa. Na gani da idona, har da guntun ciyawar gini. Asibiti sun yi gwaji, ba su ga komi ba. Munka daina ba ta amfanin fadamar, amma hatsin da muke saye ma da kuɗin albasarta muke saye. Yarinyar da ka ɗaukar tulu biyu, yanzu sai an tallabe ta.

Na tambayi surukata labarin Halimatussa'adiya. Tac ce, "Jikan matar na Goronyo, dako yake yi."

Na faɗa wa Bashir. Yac ce, "Ke Kulu, ki ce ubana ya yi rantsuwar ƙarya? In na ba da gonar, mi sauran yaranmu shida za su ci?"

Takardar gonar na cikin akwatinshi, na san inda makulli yake. Motar Goronyo na tashi da hantsi. In na kai wa jikan takardar, aurena ya mutu. In na zauna, zan iya rasa Adawiyya; jiya ta fara kiran sunan tsohuwar, ita da ba ta taɓa jin shi ba.

Don Allah ku faɗa min, mi zan yi?