Farin Faci a Kan Tambari

Akwai laifin da ya fi sata muni. Shi ne mutum ya yi ɓarna da hannunsa, sannan ya tsaya yana kallo a tafi da ɗan cikinsa a madadinsa. Wanda ya yi wannan, ko alƙali ya sallame shi bai sallamu ba. Ga yadda ta kaya da wani dattijo mai shagon buga takardu.

Da hantsi wata ma'aikaciyar asibiti ta shigo caji ofis da kwalbar maganin tarin yara a leda. Ta shaida wa Sufeto cewa yara na kwance a wajensu suna amai bayan sun sha shi, kamfanin da sunansa ke jiki kuma ya rantse ba nasa ba ne. Sufeto ya jera kwalbar da ta gaskiya. A kallon farko, takardun jikinsu ba su da maraba ko ta ƙwayar gero.

Washegari, da bin sawun inda aka sayi kwalbar, suka fasa wani sito a bayan tasha. Masu aikin sun tsere ta taga, suka bar duro cike da ruwan sukari mai kala, da tarin kwalabe, da ƙaramin injin bugu mai filashin ajiyar fayil a jiki.

A ofis Kofur mai kula da kwamfuta ya buɗe filashin. Ya ce wa Sufeto takardar maganin da ke ciki ba hotonta aka ɗauka ba, asalin zanen ne, irin fayil ɗin da ake kira SVG. Shi ba hoto ba ne, rubutu ne zalla. Kowane layi, kowace da'ira, kowace kalma an rubuta ta a jere, inda za ta zauna da launinta, kwamfuta ta karanta ta zana. Abin da aka sa daga baya shi ke zama a ƙarshen jerin, kuma shi ke hawa kan na farko.

"To me aka sa a ƙarshe?" in ji Sufeto.

"Wani farin akwati ne, yallaɓai, a can ƙasa. Fari a kan fari, ido ba ya ganinsa."

"Ɗage shi."

Kofur ya share layin. Sai ga ɗan ƙaramin tambari ya fito, da sunan shagon da ya yi wa kamfanin zane.

Suka nufi shagon. Ɗaki biyu ne, yana warin tawada da kananzir. A ciki injin na ƙara, wani Dogo na tura masa takarda. A waje Baba ne kan kujerar katako, fari fat da furfura, almakashi na leƙowa daga aljihunsa. 'Yarsa Auta na gaban kwamfuta da goyo a baya.

Dogo ya ce shi bai ga kowa ba, bai ji komai ba, injin ya riga ya kashe masa kunne. Ba a tambaye shi ba ya ƙara da cewa Baba dai ko kusa da kwamfuta ba ya zuwa. Sufeto ya riƙe wannan a ransa.

Baba ya tabbatar da haka. Ya ce shi mutumin almakashi da gam ne, wannan akwatin na yara ne.

"Wa ya zana takardar maganin?"

"Auta."

"Wa ke da asalin zanen?"

Baba ya dubi ƙasa ya ce, "Ita."

Aka tafi da Auta. Ta kwance goyon ta miƙa wa mahaifinta, yaron na tari yana miƙo hannu. Baba ya karɓe shi.

A caji ofis ta yi ta rantsuwa ba ta ba kowa zanen ba. Sufeto ya sa Kofur ya nuna mata jerin rubutun. Ta bi shi da ido tana cewa wannan nata ne, wannan ma nata ne, har ta iso layin ƙarshe. Can ta sunkuyar da kai ta ce ita ce, a rubuta ta sa hannu.

Sufeto bai rubuta ba. Ya juya mata kwamfutar, ya ce akwai wata kalma a zanen da ba ya so, ta cire masa. Kafin ya rufe baki ta taɓa kalmar ta danna, ta ɓace. Kofur ya duba jerin, babu ita babu alamarta.

"Haka kike cire abu kullum?"

"Haka kowa ke yi."

"Ban da mutum ɗaya," in ji Sufeto. Auta ta rufe fuska da mayafi.

Sufeto ya koma shagon shi kaɗai. Wannan karon bango ya duba. Kalandar da ke rataye an manna farar takarda kan tsohuwar lambar waya. Allon farashi faci ne a kan faci. Har hoton buɗe shagon, akwai wani mutum a gefe da aka rufe wa fuska da ɗan farin yanki. Dogo ya ce tsohon abokin cinikin Baba ne, sun ɓata. Da Sufeto ya tuna masa cewa ƙarya ga hukuma ma laifi ce, sai kunnensa ya warke. Ya ce ranar da Auta ta kai yaro rigakafi wani mai sulɓin baki ya zo, kuma ya ga Baba a gaban kwamfuta yana jan linzaminta da yatsa ɗaya, gumi na zuba.

Baba na zaune da jikansa a cinya. Sufeto ya ajiye kwalbar jabun a kan tebur.

"Baba, na ji yaron nan na tari. Ga magani, a ba shi cokali ɗaya."

Hannun dattijon ya kai ga kwalbar ya ture ta har ta faɗi.

"Ashe ka san ta," in ji Sufeto. "Auta ta ce ita ce. Gobe za a kai ta kotu. In ka yarda da haka, in tafi."

Da Baba ya buɗe baki muryarsa ba ta fi ta yaron ba. Ya ce tun da kwamfuta ta shigo shagon, masu kawo aiki suke wuce shi kamar kujera, su tambayi ina Auta. Wannan mutumin ne kaɗai ya durƙusa ya kira shi maigida, ya ce sabon reshe kamfanin ya buɗe, suna son zanen. Abin da ya koya a kwamfuta bai wuce jan akwati da ba shi launi ba, don ya sha ganin Auta na yi. Sai ya yi abin da ya saba tun yana saurayi, ya rufe tambarin shagon.

"Ka yarda reshe ne?"

"Da na yarda, me zai sa in rufe sunana?"

"Kuma ka bari aka tafi da ita."

"Na ce a raina mace ce mai goyo, za su tausaya su sake ta." Ya share ido da hannun riga. "Ɗana, kada ka sa min ankwa a gaban yaron nan."

Sufeto bai sa ba. Sun jira har Kofur ya kawo Auta. Ta karɓi ɗanta ta goya, ta ce, "Sannu, Baba," idonta na kan bango. Aka fita da Baba, maƙwabta na tsaye a ƙofofin shagunansu, babu wanda ya gaishe shi, babu wanda ya zage shi.

Da kwatancen da ya bayar aka kamo mai sulɓin bakin da yaransa. Yaran asibiti sun tashi, Allah ya kiyaye.

Ga abin da Baba ya rasa. Kamfanin ya janye aikinsa, sauran suka bi. Hukuma ta garƙame shagon da ya gina tun gashinsa na baƙi. Dogo ya koma wani wuri. An sauke allon ƙofa mai sunansa. Auta ba ta fasa kai masa abinci gidan yari ba, tana gaishe shi yadda 'ya ke gaida uba. Amma tun daga ranar ba ta ƙara miƙa masa yaron ba.