Kunama a Tudun Tankin Ruwa

Auta tana goge rigar aikinta a tsakar gida, kunnenta na ɗakin Baba, inda rediyo yake maimaita wasan kwaikwayon jiya. Aka zo wurin da Kunama, mugun cikin wasan, ya watso wa matarsa kaya waje, sannan ya saki dariyar nan tasa mai kama da kukan tsohuwar ƙofa. Baba ya ja tsaki ya rage murya, amma bai kashe ba. Bai taɓa kashewa ba.

"Kin ji mijin naki ko?" ya ce daga ciki.

"Baba, wasa ne fa. Rubuta masa ake yi ya karanta."

"Na san wasa ne, ai ba yaro ba ne ni. Mutumin da ya iya aron mugunta har ta zauna masa daram haka, wa ya gaya miki kirkin da yake nuna miki ba aro ba ne?"

Inna ta ɗago daga wanke-wanke ta yi mata alama da ido ta yi shiru.

Baba mai gyaran rediyo ne. Idanunsa sun daɗe da yin rauni, da kunne da yatsa yake aiki yanzu, kuma da kunne yake auna mutane. Sau ɗaya kunnen ya yaudare shi. Ya ba da babbar 'yarsa ga wani mai daɗin baki, Yaya ta dawo gida da 'ya'ya biyu da tabo a goshi. Tun daga ranar ya ƙi jinin duk wanda murya ce jarinsa. Dogo kuwa, saurayin Auta, shi ne yake yin Kunama. Ya turo manya har sun gaji da zuwa, Baba ko gaisuwarsa bai taɓa tsayawa ya amsa ba.

A makon nan otal ɗin da Auta take aiki a teburin karɓar baƙinsa ya cika da baƙi. Taron masoya wasan ake yi, sun zo daga ko'ina, sanye da riguna masu hotunan 'yan wasa. Manaja ya ɗora mata aikin gaya musu wuraren da ya kamata su gani a gari.

"Gidan tarihi da sassafe za ku je, kafin 'yan makaranta su cika shi," take ce musu. "Gidan namun daji ban da tsakar rana, zakin barci yake yi, hoton wutsiya kawai za ku dawo da shi. Tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta fi ko'ina kyau a hoto, amma ku sa takalmi mai rufi, akwai ƙusoshi. Gada sai la'asar. Daga nan ku biya layin masu gyara, ku ga inda ake tayar da matattun rediyo."

Wurin na ƙarshe ba don baƙi ta sa shi ba, a nan shagon Baba yake. Da Dogo ya ji, ya daɗe yana kallonta.

"Anya, Auta?"

"In ya ji da kunnensa yadda mutane suke sonka, zai sauko. Ka dai biyo bas ɗin."

"Ba ni suke so ba fa. Kunama suke so."

Ba ta saurara ba. Ta gaji da jira, kuma wanda ya gaji da jira kowace dabara kyau take yi masa.

Bas ya tsaya a ƙofar shagon Baba da yamma. Baƙi suka yi cincirindo suna ɗaukar tsofaffin rediyoyi hoto, har Baba ya fara washe baki yana ba su tarihin kowanne. Sai wata yarinya ta hango Dogo a bayan mutane.

"Ga Kunama nan! Filis, yi mana dariyar, bidiyo nake yi."

Ya girgiza kai. Suka matsa, suka kewaye shi da wayoyi, wani ya ce girman kai ne. Don su rabu da shi ya yi ta, gajeriya. Shi ke nan sai suka ɗauka baki ɗaya, suna tafi, suna rera maganar da suka haddace daga wasan: "Kwashi tsummokaranki ki bar mini gida!"

Babu wanda ya lura da Yaya a lungun shago, ta kawo wa Baba abinci. Kwanon ya suɓuce daga hannunta. Kusan da waɗannan kalmomin aka kore ta. Ta ja mayafi ta rufe fuska ta ratsa ta tsakiyarsu, su kuwa suka ɗauka cikin shirin ne, har da masu bin ta da waya.

"Auta," Baba ya ce a hankali, "ke kika kawo su?"

"Ni ce, Baba."

"To, kin nuna musu gari. Har da abin da muke rufewa."

Washegari Dogo ya same ta a ɗakin ajiyar tawul na otal, idanunta sun kumbura. Ya ce an daɗe ana nemansa wani aiki a gari mai nisa, yana ƙi saboda ita. Yanzu zai karɓa.

"Duk zuwana gidanku ciwo nake tayarwa. Gara in bar ku ku huta."

Ya juya ya fita. A gida Yaya ta daina yi mata magana, Inna kuma abin da take iya cewa kawai shi ne, "Ki yi haƙuri, 'yar nan." Auta ta yi haƙurin, ba don tana hangen komai a gabansa ba, sai don babu sauran abin yi.

Ranar da za a watse taro, Baba ya yi magana yana laluben hularsa.

"A wuraren da kika faɗa wa mutanen nan ban ji tudun tankin ruwa ba. Wanda bai hau can ba bai ga gari ba. Ki kai su, ni ma ki tafi da ni."

Ta riƙe hannunsa suka hau tare da ragowar baƙin. A sama kowa ya watse yana selfi, aka yi ta kiran Auta ta ɗauke su. Baba ya zauna a kan dakalin tanki ya fuskanci garin da ya girma a ciki, ba ya ganin komai sai fari-fari kamar hayaƙi.

Can ta juyo wajen Baba. Dogo ne zaune kusa da shi, jaka a kafaɗa. Ya biyo ta ne don ya yi mata sallama, ya tarar da tsoho shi kaɗai. Ta matso a hankali ta tsaya bayan tanki.

"Dama da kai gada ce, Baba," Dogo yake cewa da muryarsa ta kullum. "Wata babbar mota ta mutu a tsakiyarta, mutane na turawa. Can gaba ga tasha."

"Rufin sinima har yanzu kore ne?"

"Ya yi tsatsa. Rabinsa ma ya faɗa ciki."

Baba ya ƙara tambaya: "Babbar bishiyar bakin tasha fa? A gindinta na fara kafa tebur."

Auta ta runtse ido. Duk gidan sun haɗa baki a kan bishiyar nan.

"An sare ta, Baba. Shaguna ne a wurin."

Tsohon ya gyaɗa kai, ya daɗe yana gyaɗawa.

"Kowa a gidana cewa yake tana nan. Ni kuwa na daɗe da daina jin tsuntsayenta in an wuce da ni." Ya juyo da fuskarsa. "Tun daga sallamarka na gane ka, Kunama. Na ce bari in ji ko za ka shafa mini zuma."

Dogo ya sunkuyar da kai.

"Ban ce na ba ka Auta ba, kada ka je kana yayatawa. Akwai wadda za ka fara ba haƙuri a gidana, kuma in ta ƙi, ni ma na ƙi. Yaushe motarka za ta tashi?"

"Ta kusa, Baba."

"To, ta tashi. Yamma kawai ka gaya mini, saura gabas."

Dogo ya sauke jakar a ƙasa. Auta ta jingina da tanki tana kuka marar sauti.

Ba a yi auren a wannan shekarar ba, don zuciyar Yaya ba ta sauko da wuri ba, kuma babu wanda ya ƙara gigin yi mata gaggawa. Amma an daina rufe ƙofa in Dogo ya yi sallama. Abin da Auta ta nema da taron jama'a ya lalace a hannunta, gaskiya ɗaya marar daɗi ta fara gyara shi. Iyaye da aka taɓa cuta ba a shawo kansu da dabara. Haƙuri ake yi da tsoronsu, a gaya musu gaskiya ko da za ta sosa musu rai.