Fom Ɗin Gindin Mangwaro

Ranar da Afra'u ta fara ganin Luqman, tsaki ta ja. Yana tsaye gaban 'yan ajinsu na mastas a fannin ƙididdiga, sai zuba Turanci yake yana nuna alƙaluman yawan 'ya'yan da ya tattaro a gidaje ɗari biyu cikin garin Lafiya.

Ita ba mai magana a aji ba ce. Sai da aka fito ta tare shi, idonta a ƙasa.

"Malam, iyaye mata ka tambaya?"

"Su mana."

"To wace uwa ka taɓa ji ta sa ɗan fari a lissafi gaban baƙo? Kunyarsa take ji. Aikin nan naka gurgu ne."

Ta zaci zai yi musu, irin na masu rataye kwamfuta a kafaɗa. Sai ya koma gidajen nan ɗaya bayan ɗaya, sati uku, a bayan acaɓa. Ran da ya gama saƙonsa ya shigo:

"Malamata, gidaje saba'in da huɗu sun ɓoye min ɗan fari. Kin ceci digirina. Saura mai digirin."

Ta amsa: "Malam Kuskure, a fara gyara jadawali tukuna."

Ta karanta nasa ya fi sau goma.

Da maganar aurensu ta taso, babanta cewa ya yi ba zai ba ɗalibi 'yarsa ba. Shi Sharhabilu yake so, ɗan abokinsa, mai kwangilar tattara bayanai wa ƙungiyoyi, mai mota da turaren da ke riga shi sallama. Afra'u ta taɓa ganin fom-fom ɗinsa: biro ɗaya, rubutu ɗaya, ko ɗigon zufa babu. Tun ranar ba ta ƙara ganinsa da gashi ba.

Wata Asabar ya zo gaida Baba, ta kawo ruwa ta durƙusa.

"Yaya Sharhabilu, wai yaya ka gama gidaje ɗari biyar a ƙauyukan Doma cikin kwana biyu? Koya min."

Ya tuntsire da dariya, ya gyara zama. "Ke, karatu daban, aiki daban! Wa zai shiga wannan laka? Gindin mangwaro na samu a bakin titi, na cike abina. Ruwa? Akwai. Asibiti? Akwai. Su 'yan ƙauye me suka sani?"

Baba ya ajiye kofinsa. Shi haifaffen ɗaya daga ƙauyukan nan ne, kuma har yau yayarsa daga rafi take ɗibar ruwa.

"Har garinmu ka rubuta akwai ruwa?"

Sharhabilu ya shiga lalube makullin mota.

Bayan ya fita Baba ya juyo ya dubi Afra'u. Ya ce, "Yaron nan naki, shi yana shiga gidajen?"

"Har kare ya taɓa bin sa, Baba."

"To ki ce ya turo manyansa."

Ta rubuta wa Luqman: "Malam Kuskure, Baba na neman manyanka."

"Allah da gaske, Malamata? Sake turowa, ban yarda da gwaji ɗaya ba."

Wata biyu bayan sun kare kundinsu aka ɗaura aure. Baba da kansa ya riƙe hannun ango ya ce, "Ga ta nan, bakinta kaifi, zuciyarta fes. Allah Ya zaunar da ku lafiya, Ya ba ku zuri'a mai albarka."